Anti Tafireta Ta Ƙi Sa Hannu

Duk wanda ya yi karatu a jami'ar nan cikin shekara ashirin da ɗoriya da suka wuce ya san shagon da ke gefen ƙaramar ƙofa, tsakanin mai ɗaurin kundi da mai gyaran tabarau. Ɗan tsukukun ɗaki ne: tebur biyu, benci ɗaya, da fankar da ke juya kai ɓangare guda kawai, kamar ta yi fushi da rabin ɗakin. Nan ne wurin Anti Tafireta. Ita tafiretar ta daɗe da yin ritaya, tana can saman kabad lulluɓe da tsohon zane tun da kwamfuta ta gaje ta, amma sunan ya ƙi bin ta.

Gajeriyar mace ce Anti, mai tabarau da igiya, mai saurin hannu da saurin baki. Ta gama sakandare da sakamakon da ya isa a rataya a bango, sai dai a shekarar mahaifinta ya kwanta ciwo, ga ƙanne huɗu a bayanta. Ta shiga makarantar koyon buga takardu ta wata tara, ta ce jami'a sai baɗi. Ta yi aure, ta haifi uku, furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwali, baɗin nan bai iso ba.

Aibinta ɗaya a sana'ar, in ji abokan aikinta: tana karanta abin da take bugawa. Mai buga takardu na kirki, ido ya ɗauka yatsu su ajiye, kansa na can wajen abin da za a ci da rana. Anti kuwa sai ka ga ta tsaya a tsakiyar shafi ta ce, "A'a, yaron nan bai fahimci matar nan ba." Kundayen kimiyya da na lissafi ba ruwanta da su, yadda aka kawo haka za ta mayar. 'Yan sashen Turanci, masu nazarin adabi, su ne rauninta. Da yake ba su iya kwafo magana daga littafi daidai ba, sai ta kafa doka: duk wanda ya kawo kundi ya haɗo da littafin da ya yi nazari a kai, don ta duba. Dubawar ce takan zarce. Kafin yaro ya dawo karɓar aikinsa ta cinye littafin tas, wani lokaci har sau biyu, alhali shi mai kundin rabi ya karanta ya tambayi abokinsa ƙarshen.

Da gyaran haruffa ta fara. Daga nan ta koma miƙe jimlar da ta karkace. Daga nan kuma, to, in ta tarar da rami a tsakiyar babi takan ɗan cike shi. Ba ta ɗauki abin laifi ba. A ganinta ko tela aka kai wa riga ya ga ta ɗage, ai zai saki kalmasa ba sai an roƙe shi ba.

Tana da shekara arba'in da shida, a makon da autarta ta gama makarantar jinya, ta dawo gida ta ajiye fom ɗin shiga jami'a a gaban maigidan. Shi tsohon direban babbar motar fasinja ne. Ciwon gwiwa ya raba shi da doguwar hanya, amma bai taɓa masa baki ba.

"Na wa kuma? Ai yaran sun ƙare."

"Nawa ne."

Ya ɗaga fom ɗin, ya nisanta shi da ido, ya karanta a hankali. "Adabin Turanci. Wato labaran Turawan da suka mutu."

"Wasu suna da rai."

"Shekara huɗu ki zauna ana karanta miki ƙaryar da aka riga aka gaya miki ƙarya ce, sannan a yi miki jarrabawa a kanta?"

"Kai da ka yi shekara talatin kana sauraron ta fasinjoji, ko takardar shaida ba a ba ka ba."

Ya yi dariya har da tari. "To, ɗaliba, Allah ya ba da sa'a. Amma ki sani, ba ni zuwa taron iyayen yara."

Yayanta bai yi dariya ba. Takanas ya zo, ya zauna a bakin kujera bai ko cire hula ba. "Ke da jikoki ke kan hanya? In ma karatun ne, ki yi shari'a ko wani abin da za a ce ga amfaninsa. Adabi me zai ba ki?"

"Yaya, shekara ashirin ina juya tukunyar wasu. So nake in ɗanɗana."

"Za ki dai je ki ji kunya a gaban yara."

"In na ji, zan kawo maka labari."

Ta sake zama jarrabawar shiga tare da sa'o'in autarta, ta ci. Shago ya koma buɗewa da la'asar kawai. A aji, layin gaba take zama saboda ido, hannunta kuma kullum a sama, har wani malami ya taɓa tambayarta ko ciwo yake mata. Yara suka raɗa mata Mama. A makon farko sai ta ji ana turo mata takardu ta ƙarƙashin tebur: "Mama, gobe zan karɓa?" Ta mayar ba ta ko duba ba. "Nan aji ne. Shago ƙarfe huɗu." Cikin ƙananan malamai kuwa akwai waɗanda in sun hango ta a baranda sai su tuna sun manta wani abu a ofis, don ta san rubutun hannunsu tun yana tafiya kamar tururuwa ta faɗa tawada.

A shekara ta uku ta shiga ajin Dakta. Dogo ne siriri, bai kai arba'in ba, mai tsabta da biro uku a aljihu, kuma ba mugu ba ne ko kaɗan. Tsofaffin littattafan zube yake koyarwa, kuma akwai ɗaya da ya fi ƙauna, mai kauri kamar bulo: labarin wani attajiri da 'ya'yansa da rigimar gadon wani makeken gida. Wata rana ya rufe littafin, ya cire tabarau, ya ce, "Ku rubuta wannan, kalma da kalma." Aji ya gyara zama, don waɗanda suka gabace su sun riga sun faɗa musu duk shekara sai ya fito a jarrabawa.

Ya fara shifta da Turanci, yana tafiya yana dawowa. Abin da maganar ke cewa shi ne, sau goma sha ɗaya al'amarin gidan nan yake juyawa a cikin littafin, kuma kowane juyi da buɗe ƙofa yake farawa: wani ya shigo da wasiƙa, ko fitila, ko labarin baƙo. Marubucin bai taɓa faɗin sunan mai buɗewar ba. Gidan na masu suna ne, amma a hannun marasa suna labarin yake tafiya.

Anti ta rubuta layi ɗaya, ta rubuta na biyu, sai biro ya tsaya. Na uku a fili ta faɗe shi, kafin Dakta ya buɗe baki.

Ya juyo fuska a sake. "Mama, kin karanta kundina ke nan?"

"Ni na buga shi, Dakta."

"Haka ne fa! Ku ji, Anti ce ta buga min kundin digirina na farko. Kun ga abu in ya yi kyau, ko mai bugawa ba ta mantawa."

Aji ya yi dariya. Ita ma ta yi, da gefen baki ɗaya.

Shekara goma sha huɗu ke nan da abin ya faru. Shi Dakta a lokacin ɗalibi ne mai wuyan riga a karkace. Ya faɗo shagon da tsakar rana yana gumi, ƙarfe huɗu za a rufe karɓar kundi. Dokar sashen ita ce kada kundi ya gaza shafi sittin, nasa kuwa da ta gama bugawa hamsin da biyar ya tsaya.

"Anti, ki rufa min asiri. Ki faɗaɗa layin, ki ƙara wa haruffan ƙiba."

Ta yi duk dabarun sana'a, aka kai hamsin da bakwai da rabi, ya ƙi gaba. Yaron ya fita da gudu neman sa hannun malaminsa. Ta dubi agogo, ta dubi bulon littafin da ke kan teburinta, wanda ta karanta sau biyu, ga kuma tambayar da ta kwana uku tana cin ta: wai su wane ne ke buɗe duk ƙofofin nan? Ta ja kujera. Cikin awa ɗaya ta zuba shafi biyu da rabi a tsakiyar babi na uku. Da ya dawo ta ce, "Na ɗan yi maka ciko a babi na uku." Ya ce, "Allah ya biya ki, Anti," ya fizgi takardun ya yi shagon mai ɗauri.

Malamin da aka ɗauko daga wata jami'a don duba kundaye ya ja layi a ƙarƙashin shafukan nan, ya rubuta yabo a gefe. Yaron ya fito na ɗaya, sashen ya riƙe shi ƙaramin malami. Sai a lokacin ya koma ya karanta wurin da aka yaba, ya ga ashe ya fi yadda yake zato basira. Tun daga ranar ya yarda nasa ne, tsakaninsa da Allah, kuma kullum ya sake karantawa sai ya ƙara tuna yadda ya sha wahalar rubuta shi.

Da aka zo shekarar ƙarshe, Anti ta zaɓi littafin nan don kundinta, sashen kuma ya ba ta Dakta ya duba ta. Shafi tamanin ta rubuta, ba faɗaɗa layi, ba ƙibar haruffa. Shafukan nan biyu da rabi ta sa su a babi na ɗaya kamar yadda suke, ba alamar ɗauko magana, ba sunan kowa. Ba wai ba ta san doka ba. Matar da ta yi shekara ashirin tana buga jerin manazarta ta fi kowa sani: duk abin da ka ɗauko na wani, ka sa sunansa da shekara da shafi. Amma dokar na wani ta ce.

Ya kira ta ofis da hantsi. Ya ba ta kujera, har da tambayar gwiwar maigidan.

"Mama, ƙaramin abu ne. Kin manta ki sa sunana a nan."

"Ban manta ba, Dakta."

Ta ba shi labarin tiryan-tiryan, har da launin rigar da ya sa ranar. Da farko ya yi dariya. Da ya ga ba ta taya shi ba, ya daina.

"Anti, da girmanki?"

"Da girman nawa nake faɗa maka."

"Shekara goma sha huɗu ina koyar da wannan."

"Kuma kana koyar da shi da kyau. Ka ji na taɓa cewa uffan? Naka kundin yana laburare, ban je na goge ba. Nawa ne dai ba zan yi ƙarya a ciki ba."

Ya juya jan biro a hannu. "Duba, ba na son fitina. Layi ɗaya ne. 'Kamar yadda wane ya ce', shekara, shafi. Minti biyu."

"Wane bai ce ba."

"In kika ƙi, dole in kai wa kwamiti. Satar fasaha sunan abin, hukuncinsa kora. Saura wata biyu ki gama fa."

Ta miƙe, ta gyara mayafi. "Kai musu. Ka gaishe su."

A gida kuwa ba ta samu mai tafa mata ba. Auta ta zo daga asibiti ko farar rigar ba ta cire ba. "Umma, don Allah don Annabi, layi ɗaya ne fa. Ni sau nawa likita ke faɗin abin da ni na gaya masa, in ce haka ne ranka ya daɗe?"

"Allah ya ba ki ladan haƙuri."

Maigidan ya miƙe ƙafa a kan ƙaramar kujera. "Ɗaliba, ni a hanya in aka tsare ni aka ce fitilata ta mutu, ko tana haske kamar rana, yi haƙuri nake cewa in wuce. Fasinja sauka suke so, ba shari'a ba."

"Shi ya sa har yau ake tsare mutane."

"To in suka kore ki fa? Yayanki har walima zai yi."

Ta cire tabarau tana goge shi da bakin zane, abin da ba ta yi sai magana ta taɓa ta. "Malam, shekara ashirin da uku ina buga sunan mutane a bangon kundi. Ban taɓa jin haushi ba, aikina ne. Wannan ne kaɗai da sunana a bango. In na buɗe shi na rubuta cewa hankalina aro ne, to me na je yi?"

Ya dubi auta, auta ta dubi silin.

"Yaushe ne zaman?"

"Laraba, ƙarfe goma."

"Ashe dai sai na je taron iyayen yaran nan," ya ce. "Zan kai ki."

Kada a ɗauka ba ta ji tsoro ba. Ranar Talata da la'asar ta zauna a shago, ta buɗe babi na ɗaya, ta buga layin nan da hannunta don ta ga yadda zai zauna. Ya zauna daram, kamar dama wurinsa ne. Ta tuna sammakon shekara huɗu, da hawa bene uku da ƙafarta, da ranar da ta faɗi jarrabawar waƙa ta yi kuka a bayan laburare inda ba mai gani. Ta tuna fuskar Yaya. Yatsanta ya daɗe a sama. Sannan ta goge layin harafi ɗaya-ɗaya, daga ƙarshe zuwa farko, ta kashe kwamfuta.

Ɗakin kwamiti dogon tebur ne da kujeru masu ƙara. A kan tebur ga kundaye biyu a buɗe, tsoho da sabo, an ja musu jan layi iri ɗaya. Farfesa, shugaban sashen, yana can ƙarshe, tsoho ne mai rufe ido in ana magana, har baƙo ya ɗauka barci yake. Sai sakataren kwamiti da littafin dokoki, da malamai biyu, da Dakta a gefe yana kallon takalminsa.

Sakatare ya turo mata takarda. "An sauƙaƙa miki, Mama, saboda shekaru. Ki sa hannu a nan cewa kuskure ne, ki sa sunan Dakta a wurin, shi ke nan."

Ta karanta takardar har ƙasa, don ba ta iya ganin rubutu ta ƙyale. "Akwai waƙafi biyu da suka ɓata wuri," ta ce. "Kuma ba zan sa hannu ba. Ni na rubuta wancan, ni na rubuta wannan."

Ta sake ba da labarin. Ɗaya daga cikin malaman ya yi murmushi irin na wanda ya sha jin uzurin ɗalibai. Sakatare ya ce, "Kina da shaida?"

"Mutum biyu ne a shagon. Ɗaya yana sauri."

Farfesa bai buɗe ido ba ya ce, "Dakta, rubutun ya ce ƙofa goma sha ɗaya. Lissafo mana su."

Dakta ya gyara murya. Ya kawo mai dafa abincin da ta shigo da wasiƙar lauya. Ya kawo mai gadin da ya buɗe wa ɗan da aka kora. Ya kawo matar da ta shiga da fitila ɗakin attajirin yana jinya. Ya kawo ta huɗu da ƙyar. A ta biyar ya ce ya daɗe bai koma wa littafin ba, ayyuka sun yi yawa.

"Mama?"

Ta ɗaga yatsu ta fara. Tana faɗin ƙofar, da wanda ya buɗe, da abin da ke hannunsa, da abin da ya biyo baya. Da yatsu suka ƙare ta ari biron sakatare ta cike ta goma sha ɗaya.

"Amma ƙirgar ba daidai ba ce, ranka ya daɗe," ta ce. "Sha uku ne. Ranar awa ɗaya gare ni, na tsallake biyu. Kuma su biyun nan ba buɗewa aka yi ba, hanawa aka yi. Sau biyu wani mara suna ya tsaya a bakin ƙofa ya ce ba a shiga, kuma su suka fi juya labarin. Duk na bayyana a babi na huɗu, da an karanta har can."

Kowa ya dubi Dakta. Shi kuwa ya ƙara sunkuyar da kai.

Farfesa ya buɗe ido, ya jawo sabon kundin, ya lalubo babi na huɗu. Ya yi ta karantawa, ɗakin tsit, sai kujerar sakatare da ke kuka. Ya juya shafi, ya koma baya, ya sake juyawa. Can ya ce, kamar da kansa yake magana, "Shekara talatin da littafin nan a kantata."

Sakatare dai bai saki littafin dokokinsa ba. "Ranka ya daɗe, ko da haka ne, abin da ke laburare da sunan Dakta yake. Doka ba ta san mai bugawa ba. Kuma yanzu da bakinta ta amsa cewa tana sa hannu a kundin ɗalibai. Wannan ma laifi ne."

"A lokacin ni ba ɗalibarku ba ce," in ji Anti. "In shagon za ku kora, yana gefen ƙaramar ƙofa."

Farfesa ya dube ta ta saman tabarau. "Kundi nawa kika yi wa irin wannan cikon?"

"Na wannan sashen kawai, ko har da na tarihi?"

Malamin nan mai murmushi ya ɗaga kai yana nazarin fanka. Ɗayan ya dubi agogo ya tuna yana da aji. Farfesa ya ɗora hannu a kan littafin sakatare ya ce, "Wannan tambayar ban yi ta ba. Kada ka rubuta."

Aka ce ta jira a waje. Minti ashirin ta yi a kan benci, jakarta a cinya, tana jin muryoyi na tashi suna sauka. Da aka kira ta, Farfesa ya yi magana ba kwana-kwana.

"Mama, ba za mu kore ki ba, don ban ga abin da kika sata ba. Ba kuma za mu karɓi kundin haka ba, don takarda ta riga ta ba wani shafukan nan, ni kuma ba ni da ikon kwance abin da aka ɗaure shekara goma sha biyar. Hanya biyu ce. Ki sa hannu ki sa sunan, ki fita tare da 'yan ajinki nan da wata biyu. Ko ki cire shafukan, ki sake babi na ɗaya daga tushe, ki kawo a zango mai zuwa. Wata shida ke nan, kuma bikin yaye 'yan ajinki ba da ke ba."

Wannan ta ji shi. Ta riga ta gwada rigar bikin a zuciyarta, har ta zaɓi inda maigidan zai tsaya a hoto. Ta dubi takardar da ke gabanta, ta juya bayanta, ta tura wa sakatare.

"Ku ajiye, bayanta fari ne, za ta yi wani amfani." Ta juya wajen Farfesa. "Zan cire su. Amma a sani cirewa na yi, ba bayarwa ba."

"Ba wanda ya ce kin bayar."

Dakta ya ɗago a karo na farko. Muryarsa ta yi ƙasa. "Ranka ya daɗe, tambayar nan ta ƙofofi, a cire ta daga jarrabawar bana. Kuma ina ganin gara a ba ta wani malamin ya duba ta."

"Tambayar za a cire," in ji Farfesa. "Ɗalibar kuwa kai ka fara, kai za ka gama."

A baranda ya biyo ta, yana rage tsawon takunsa don ya yi daidai da nata.

"Anti, da gaske kin faɗa min ranar?"

"Na faɗa. Kana ɗaura igiyar takalmi."

Ya dubi takalminsa. "To me zan ce wa aji ranar Litinin? Wurin muka zo."

Ta tsaya ta dube shi daga ƙasa zuwa sama, tafiya ce mai nisa. Ba ta ga Dakta ba, yaron nan mai karkataccen wuyan riga ta gani. "Ka ce su buɗe littafin su ƙirga da kansu. Kai ma ka zauna ka ƙirga. Wa ya sani, ko sha huɗu ne."

Maigidan yana cikin mota a ƙarƙashin bishiya, ya kwantar da kujera, ya riga ya yi abota da masu gadi biyu. Ya tashi zaune da ya gan ta.

"An kore ki?"

"An ƙara min wata shida."

"Ba su yarda da ke ba ke nan."

"Sun yarda."

"Sun yarda, suka ƙara miki wata shida. Da kin yi ƙarya fa?"

"Da wata biyu."

Ya daɗe yana kallon ginin sashen ta gilashi, yana kaɗa kai. "Wannan makarantar taku, ɗaliba, ko tasha ta fi ta tsari."

Ta shiga, ta ja ƙofa, ta ɗora jaka a cinya. "Ja mota, Malam. Ka sauke ni a shago, ina da babi."